Hunturu Ya Kama: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

 

Duk wanda ya fito da sassafe a 'yan kwanakin nan ya ga alama. Leɓɓa sun fara tsagewa, yara sun fara tari, itatuwan da muke hangowa daga bakin gari sun ɓace cikin hazo. Motar da aka wanke da yamma, kafin gari ya waye ta yi furu-furu. Kowane gida an fiddo bargo da rigunan sanyi, an sayi man shafawa, an tanadi itacen ɗumama ruwa. Mun shirya wa jikinmu, mun shirya wa ɗakunanmu. Abu ɗaya ne muke mantawa duk shekara: motar da za ta ɗauke mu da iyalanmu.

Kuma wannan ne lokacin da hanyoyinmu suka fi cika. An haƙe citta, an tsaga, ana shanya, manyan motoci na shigowa kasuwanni irin su Kubacha suna lodi. Amfanin gona ya shigo, aljihu ya ɗan yi nauyi, don haka bukukuwan aure sun yi yawa. Ɗalibai na dawowa hutu. Maƙwabtanmu na zuwa gida Kirsimeti daga Abuja da Kaduna da Legas, wasu su zarce Kagoro bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Duk wannan jama'a hanyoyi ƙalilan take bi: babban titin Abuja zuwa Kaduna ta Tafa da Jere, hanyar Bwari, da wadda ta tashi daga Jere ta nufi Kwoi da Kafanchan. Motoci sun ƙaru, gani ya ragu, kowa kuma sauri yake yi.

In haɗari ya auku a irin wannan lokaci, abin da za ka fara ji shi ne: “Ai hazo ne.” Daga nan sai a ce ƙaddara ce, a yi zaman makoki, a watse. Mu dai ra'ayinmu shi ne, yawancin abin da muke ɗora wa hazo ba laifin hazo ba ne. Hazo ba ya zuwa ba zato. Kowa ya san watansa. Abin da yake yi kawai shi ne ya tona asirin motar da dama can ba ta da lafiya, da direban da dama can ba ya jin magana.

Ƙurar nan daga hamada take tasowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta sauke mana daga ƙarshen Nuwamba har zuwa wajen tsakiyar Maris. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da gargaɗi in hazon zai yi kauri, wani lokaci ma gani ya kasa kai mita 1,000. A irin ranakun nan jiragen sama kan jinkirta tashi ko su fasa. Jirgi da duk na'urorinsa ya haƙura ya jira gari ya washe, amma Sharon mai fitila ɗaya, ɗauke da mutum goma da buhuna a kai, ta kama hanya tun kafin a kira assalatu.

'Yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen dusar ƙanƙara sun san yadda ake ɗaukar wannan magana a can. A lardin Quebec na Kanada doka ce: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai ka sa wa motarka tayoyin sanyi. Kusan daidai da watannin hunturunmu ke nan. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da ƙura da hayaƙi da sanyin asuba, kuma darasin ɗaya ne: in yanayi ya canza, mota ma tana bukatar a canza mata shiri.

Mu fara da taya, don a nan muka fi cutar kanmu. Da yawanmu tayar Beljiyam muke saye saboda araha, duk da cewa tsofaffin tayoyi na cikin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su. Abin da ba kowa ya lura ba shi ne, a cikinsu akwai tayoyin sanyin nan da Turawa suka cire suka yar. Za ka gane su da hoton dutse mai tsini uku da ɗigon ƙanƙara a tsakiyarsa, a gefen tayar. Robarsu laushi gare ta, an yi ta ne don garin da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 7. Mai saye sai ya ga zanen tayar da zurfi ya ce ya yi tsintuwa. A kan kwaltarmu kuwa, wadda ko a hunturu takan yi zafi da tsakar rana, irin wannan taya saurin cinyewa take yi, kuma ba ta riƙe hanya yadda ya kamata. Araha ba ta ado.

Kowace taya na ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta: lambobi huɗu a gefe, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta ne a sati na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta sha nanata cewa tayar da ta shekara huɗu da ƙerawa ta tsufa, ko da ba a taɓa hawa da ita ba. Durƙusawa a karanta lambar nan ba ya cin minti ɗaya. A duba kuma ko akwai tsagewa ko ƙari a gefenta, a duba ko zanenta ya shafe.

Sai iska. Iskar taya raguwa take yi in gari ya yi sanyi, ta ƙaru in taya ta yi zafi. Saboda haka da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya. Adadin da ya dace a rubuce yake a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Ba daidai ba ne mai faci ya buga wa taya ƙarfe ya ce ta yi, ko ya zuba mata 50 don an ce za a yi lodi. Kada kuma a manta da safaya. Mun sha ganin mota ta yi faci, a buɗe but a tarar safayar ta fi wadda ta fashe lalacewa, ko a tarar babu jak.

Na biyu shi ne gani, wato fitila da gilashi. Ka tsaya bakin titi a Jere bayan magariba ka ƙirga motocin da ke wucewa da ido ɗaya. Wanda ke tahowa cikin hazo zai ɗauka babur ne, ya matso, sai dai a ji ƙara. Fitilun baya da na burki ma sun fi muhimmanci, don su ne ke gaya wa tirelar da ke bayanka cewa akwai mutane a gabanta. Direba ba ya ganin fitilar burkinsa. Ka sa yaro ya tsaya a baya ka taka, ya gaya maka ko ta kama. Murfin fitilar gaba da ya yi ja ya dushe, a sa a goge shi. Kafin kowace tafiya a share ƙurar da ke kan fitilu gaba da baya.

Gilashi kuwa, tunda damina ta wuce muka daina kula da waifa, tankin ruwanta ya bushe, robarta ta ƙage. To a hunturu ne raɓar asuba ke haɗuwa da ƙura ta zama taɓo a kan gilashi, in hasken mota mai tahowa ya daki wannan taɓon, gaba ɗaya sai ka daina gani. A cika tankin, a sauya robar in ta tsage. Kada a goge gilashi da busasshen tsumma, don ƙurar nan yashi ce, kankare gilashin take yi. Sannan da sanyin safe, in an rufe tagogi mota cike da mutane, numfashi kan sa gilashi ya yi gumi ta ciki. Maganinsa fankar da ke hura wa gilashin iska. A motoci da yawa ta mutu tun tuni ba a gyara ba, sai ka ga direba na tuƙi da hannu ɗaya yana shafa gilashi da hular kansa.

Na uku inji. Ƙura na toshe filtar iska, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai. A ciro ta a kakkaɓe, in ta mutu a sauya, kada a cire ta gaba ɗaya a bar inji na haɗiyar yashi. Ƙura da ƙaiƙayi na liƙe wa lagireto ta gaba, iska ta kasa ratsawa, inji ya yi zafi duk da sanyin gari. A wanke shi, a duba ruwansa, kuma kada a kuskura a buɗe murfinsa yana da zafi. A duba baƙin mai, a duba man burki, a duba fanbel ko ya fara tsattsagewa. In burki na ƙara ko yana nutsewa in an taka, wannan mota ba ta tafiya ba ce, ta gareji ce. Batir kuwa sanyi ne ke tona shi. Wanda ke jan numfashi kafin ya tayar da mota da safe, sallama yake yi. A goge farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure su tamau, a kai mai batir ya auna shi.

Akwai wani abu guda da ba a cika magana a kansa ba, alhali yana kisa cikin ruwan sanyi: salansa mai yoyo. Da zafi tagogi a buɗe suke, hayaƙi ya shigo ya fita. Da sanyi kowa cewa yake a rufe gilashi. In salansa ta fashe a ƙarƙashin mota, ko murfin but ba ya rufuwa saboda kaya, hayaƙin na shigowa ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi. Farkonta ciwon kai da kasala, sai gyangyaɗi, har da direban. A liƙe salansa, a bar 'yar kafa a taga. Kada wanda ya kwana a hanya ya kunna inji ya rufe gilashi don jin ɗumi. Jarkar fetur a cikin but ita ma, a wannan lokaci da komai ya bushe, gobara ce ka ɗauko da hannunka.

Mun ɗanɗana namu. A hunturun bara mu biyar muka taso daga ɗaurin aure a Kaduna, muka makara. Mai motar ya san fanbel ɗinsa na kuka tun sati biyu kafin nan, yana ta cewa sai an yi albashi. Bayan mun baro babban titi, ana gab da magariba, fanbel ya tsinke, inji ya ɗau zafi, muka tsaya a wurin da ba gida gaba ba gida baya. Duk wanda ya san halin da hanyoyin yankin nan suka shiga a shekarun baya ya san abin da ke zuciyarmu a wannan sa'a. Babu wanda ya yi wa wani magana. Allah ya kawo wani bawan Allah da ya ja mu zuwa gari na gaba. Kuɗin fanbel ɗin bai kai abin da muka kashe a abincin hanya ba. A ƙasarmu lalacewar mota da yamma ba ɓata lokaci kawai ba ne, kasada ce da rai.

To ko mota ta yi lafiya ƙalau, sai direba ya yarda cewa hanyar hunturu ba hanyar da ya saba ba ce. Ga lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya ɗaga ƙafa, ya taka burki, motar ta tsaya cak, an ci kusan mita 80, kuma wannan da taya mai kyau ne a kan kwalta mai kyau. A gudun 50, mita 30 ta isa. In hazo ko hayaƙi ya sa ba ka hango abin da ya wuce mita 50, kana kuma gudun 100, to duk abin da ka gani ka riga ka buge shi. Ƙa'idar ɗaya ce: kada gudunka ya wuce ganinka.

Me ke cikin hazon? Tirelar da ta lalace aka bar ta a kan titi da 'yan ganyaye a bayanta. Garken shanu na tsallakawa. Ɗan acaɓa ba fitila, ya naɗe kai da kunnuwa da rawani, ba ya jin hon. Yara masu tafiya makaranta a gefen hanya, hannuwa cikin riga. Mata masu shanyar citta da rogo a bakin kwalta. Wurin da aka karkatar da motoci hannu ɗaya saboda aikin titin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka daɗe ana yi. Sai hayaƙin ƙunar daji, wanda ya fi hazo sharri, don shi farat ɗaya yake rufe hanya. Waɗannan ba baƙi ba ne, mutanenmu ne da dukiyarmu.

A cikin hazo a kunna fitila ko da rana ne, amma a bar ta a dim. Ful ba ya ƙara gani, ƙura ce ke maido maka da hasken cikin ido, ka kuma makantar da mai tahowa. A ba da tazara. Kada a liƙe wa jar fitilar motar gaba a ce ita ce jagora, in ta faɗa rami tare za ku faɗa. Kada a yi obatekin inda ba a hango gaba. In dole sai an tsaya, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a kunna sigina biyu, a ajiye alamar nan mai ƙyalli can nesa da mota, fasinjoji su fito su koma gefe. Direban da mura ta kama ya sani cewa wasu magungunan mura, irin su Piriton, suna sa barci. Mafi alheri kuma, a bari rana ta ɗaga kafin a tashi, a lissafa tafiya yadda za a isa kafin magariba. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda tafiyarsa ta Abuja ko Kaduna ce kuma bai yarda da motarsa ba, jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016 ma hanya ce.

Mun san abin da 'yan'uwanmu direbobi za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na mota ya tashi. Mai mota na jiran balas, 'yan kamasho na jiran nasu, gida na jiran cefane. Sabuwar taya ba abin wasa ba ce. Amma mu duba abubuwan da muka lissafa: auna iska, cika ruwan waifa, goge fitila, kakkaɓe filta, ɗaure kan batir, sauya ƙwan fitila, rage gudu. Yawancinsu kyauta ne, sauran kuma ba su kai kuɗin kujerar fasinja ɗaya ba. In kuɗin bai isa a yi duka ba, a fara da uku: taya, burki, fitila. Kwalliya da rediyo su jira. Masu motocin haya kuma su ji tsoron Allah: wanda ya karɓi balas kullum ya ƙi sayen taya, yana da kaso a duk abin da tayar ta jawo.

Wasu za su ce laifin gwamnati ne, ga ramuka, ga rashin alamun hanya, ga aikin da ya ƙi ƙarewa. Haka ne, kuma ba za mu daina kira ba. Muna roƙon wakilanmu su matsa a cike ramukan, a sa alamu masu ƙyalli a wuraren da aka karkatar da hanya, a riƙa janye manyan motocin da suka mutu a kan titi. Amma ramin da gwamnati ba ta cike ba dalili ne na ƙara lura, ba uzurin sakaci ba. Masu cewa in kwana ya ƙare ya ƙare, mu ma mun yi imani da haka. Sai dai ba mu taɓa ganin wanda ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce abin da aka rubuta za a sace shi za a sace ba. In mun iya sa wa dukiya kwaɗo, rai ya fi cancanta.

Saura mu fasinjoji, don mu ma ba mu fita ba. Mu ne ke cewa, “Direba taka mana, mun makara.” Mu ne ke yarda a cusa mutum biyu a gaba, ɗaya a kan giya. Mu ne ke ganin taya ta yi sanƙo mu shiga mu yi shiru don kunya. Wanda ya biya kuɗin mota yana da haƙƙin ya zagaya ya dubi tayoyinta, yana da haƙƙin ya ce, “Malam direba, don Allah a rage.” In mutum ɗaya ya faɗa, sauran su mara masa baya, kada a bar shi ya zama mai tsoro a cikin mota. Iyaye mata da ke tura yara makaranta bayan hutu, da iyayen ango da ke haɗa ayarin kai amarya, su tambayi wace mota ce, wane ne direban, ƙarfe nawa za a tashi. Ayarin biki da samari ke tsere a cikinsa ya sha mayar da gidan buɗa gidan kuka.

Shawararmu ita ce, kafin tsakiyar Disamba shugabannin tashoshinmu na Kagarko da Jere da Kubacha, da ƙungiyar direbobi, da makanikai da masu faci, su ware rana guda ta duba motoci a tasha, a gayyaci jami'an FRSC su zo a matsayin masu nuni, ba masu kamu ba. Motar da fitilarta ko burkinta bai yi ba, kada a ba ta layi sai ta gyara. Sarakuna da masu unguwanni su ja kunnen masu cinna wa daji wuta a bakin titi. Limamai da fastoci su ba wannan magana minti biyar a mumbari. Kowa kuma ya ajiye lambar gaggawa ta FRSC a wayarsa, 122, kiranta kyauta ne.

Wanda ke da tafiya a wannan wata, kada ya bari sai ranar. Ya kai motarsa gareji a wannan satin, ya tsaya a kanta a duba a gabansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa a kan titunan nan. A tura wa direban da aka sani.